Najeriya ko Nijar: Ina Talaka Ya Fi Samun Sauƙi?

Assalamu alaikum masu kallo. Nan da kuke gani Wapa ce, a unguwar Fagge, inda 'yan canji ke zaune tun hantsi. Ku dubi bawan Allahn nan da ya miƙa takardar sefa dubu goma, ku ga tulin nairar da ake ƙirgo masa. Jaka ɗaya ta sefa, wato dubu ɗaya a lissafin mutanen Nijar, ta haura naira dubu biyu bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023. Ita sefa ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, shi ya sa ba ta yawan tangaɗi.

Daga nan gardamar majalisa ke tashi. Wani ya ce wallahi gara Nijar. Wani ya ce haba Malam, giwar Afirka za ka haɗa da ƙasar da fiye da rabinta hamada ce? To bari mu aza su a kan sikeli.

Ma'aunin da duniya ta fi sani shi ne na ci gaban ɗan Adam, wanda hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990, bisa tunanin wani masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq. Hujjarsa ita ce dukiyar ƙasa kaɗai ba ta nuna yadda mutane ke rayuwa. Sai a duba abu uku: tsawon rai, ilimi, da abin da ke shiga aljihu. A wannan jadawalin, shekara da shekaru Nijar tana can ƙasa, kusa da Chadi da Sudan ta Kudu. Najeriya tana gabanta da tazara. Da a nan za mu tsaya, da magana ta ƙare.

Amma ku buɗe ma'aunin ku duba cikinsa. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, jaririn da aka haifa a Nijar ana sa ran zai kai shekara 61 ko kusa da haka. Wanda aka haifa a Najeriya, wajen 54. E, ba kuskure na yi ba. Ƙasar da ta fi kuɗi ita ce mutanenta suka fi gajeren kwana. Ba wai ana nufin kowa zai mutu a 54 ba, rai na Allah ne. Lissafi ne na tsaka-tsaki, kuma abin da ke jawo shi ƙasa shi ne yawan yaran da ke rasuwa kafin su yi wayo, da matan da ke tafiya wurin haihuwa.

Batun matan nan shi ya fi tsaya mini a rai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun ce a cikin haihuwa 100,000, mata sama da 1,000 ke rasuwa a Najeriya. A Nijar ba su kai 500 ba. Tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, Nijar ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, fiɗar haihuwa ma kyauta. Tsarin yana da cikas, domin gwamnati kan yi jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu har magani ya yanke. Duk da haka, akwai bambanci tsakanin magidancin da ya san za a karɓi matarsa, da wanda zai tsaya a ƙofar asibiti da tsakar dare yana buga wa 'yan'uwa waya a haɗa masa kuɗin aiki.

Wutar lantarki kuwa, nan Najeriya ta yi wa Nijar fintinkau. Kusan mutum 6 cikin 10 suna da layin wuta a nan. A can, wajen 2 cikin 10 ne. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya ake tura ta, da aka yanke kuwa sai da Yamai ta ji a jikinta. Sai dai duk wanda ya taɓa jin ihun yaran unguwa lokacin da aka kawo wuta bayan kwana uku ya san samun layi daban, samun wuta daban. Karatun boko ma haka: manyan da ke iya karatu da rubutu sun haura kashi 60 a Najeriya, a Nijar ba su kai 40 ba.

Mu dawo aljihu. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun Yulin 2024, gwamnatin Kano ta ɗora dubu ɗaya ta mai da shi 71,000. Na Nijar sefa 42,000 ne. Kai shi Wapa ka canza, za a ba ka abin da ya zarce na Najeriya. Kafin ka ce shi ke nan, ka tambayi kanka mutum nawa ne ke cin albashi a Nijar. Akasarin jama'ar, su miliyan ashirin da 'yan kai, manoma ne da makiyaya, damina ɗaya ce jarinsu. In ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu ya tashi wayam. A nan kuma ciwon namu hauhawar farashi ne, wanda ya kai kashi 34.8 a Disamban 2024, bayan janye tallafin mai. Matar da ta saba auno kwano sai ta koma gwangwani.

Akwai kuma wata yaudara da ke cikin kalmar "Najeriya" kanta. Binciken talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke ciki, kashi 63 ke nan. To amma a Ondo kashi 27 ne, a Sakkwato kusan 91. Ashe idan aka ce Najeriya ta fi Nijar, da Legas da Ondo aka haɗa aka raba. Ƙauyen Jibiya ya fi kama da ƙauyen Maraɗi fiye da yadda ya yi kama da Ikeja: harshe ɗaya, gero ɗaya, rijiya ɗaya. Tsaro ma kowa da nasa, su suna fama a Tillaberi da Diffa, mu kuma dubban mutanenmu na Zamfara da Katsina da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga tun 2019.

Ƙafa dai ba ta ƙarya. Har gobe 'yan ci-rani daga Damagaram da Tawa suna shigowa Kano da rani, wasu ga-ruwa, wasu shayi, wasu gadi, saboda nan akwai kasuwa: Kwari, Dawanau, Singa. Ga ɗaya nan yana tura kurarsa mai jarka goma sha biyu a cikin lungu. Ya ce mini aikin bai ragu ba, masu saye ma sun ƙaru. Amma in ya tara naira 20,000 zai aika gida, sefar da ake ba shi yanzu ba ta wuce rabin ta shekarun baya ba. Na ce to, Malam, baɗi za ka dawo? Ya gyara riƙon kura ya ce sai ya ga yadda damina ta yi.