Kafin ka ce turbo ta lalace, duba tiyon da ke mayar da baƙin mai

Assalamu alaikum jama'a, daga nan Houston a jihar Texas ta Amurka nake gaishe ku. Wannan Mazda MX-5 ce, wadda 'yan nan ke kira Miata. Kamfani bai sa wa injinta turbo ba, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, mai ita ne ya saya ya ɗora, yanzu kuma salansa na ta zubo shuɗin hayaƙi. Har ya fara neman sabuwar turbo na ce masa ya dakata tukuna.

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan siririn tiyo na sama? Ta nan baƙin mai ke shiga turbo, famfon inji ne ke turo shi da ƙarfi. To ku dubi na ƙasa. Wannan ba mai tura shi. Nauyinsa kawai ke gangarar da shi zuwa kaskon mai da ke ƙasan inji, kamar ruwan sama a indararo. Kuma man da ya ratsa turbo mai juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya ba ya fitowa tsararo, da kumfa yake fitowa, kumfa kuwa tana son fili.

Shi ya sa a ma'aunin girman tiyo da ake kira AN, na shiga ake sa -4AN, na fita kuwa -10AN, wato kusan milimita 16. Wannan da ke jikin motar ya yi siriri, ga shi ya lotsa a tsakiya sannan ya ɗan haura kafin ya shiga kasko. Nan man ke kwanciya. Da zarar ya taru ya cika cikin turbo, sai ya nemi hanya. Abin da ke tare shi a ciki ba roba ba ne, ɗan zoben ƙarfe ne irin ringin fistin, bai iya riƙe mai da ya yi ambaliya. Sai ya tsiyaya cikin salansa ya ƙone. Turbo lafiyarta ƙalau, wallahi abin yana ba ni takaici in ga an yar da ita saboda tiyo.

Kamfanin Garrett mai ƙera turbo ya ce a tsayar da tsakiyar turbo yadda ƙofar fitar mai za ta kalli ƙasa, kada ta karkace fiye da digiri 15. Ramin da za ka huda a kasko kuma ya zama sama da inda mai ke tsayawa. In ya faɗa cikin mai, ka toshe hanyar da hannunka.

Ita Miata cire kaskonta wahala ne, sai an ɗaga inji, don haka da yawa suna huda shi a jikin motar. Suna cika bakin abin hudar da giris ya kama ɓurɓushin ƙarfe, su yi ta hura iska cikin inji, daga baya su wanke da mai. Ana yi, kuma ana dacewa. Ni dai na fi son a sauke kasko a yi walda a wanke shi tas, don ɓurɓushi kaɗan ya isa ya ci beyarin.

In turbo taka mai ƙwallayen beyarin ce, tana son a ƙuntata hanyar mai a tiyon shiga, rami kamar milimita 1, don kada mai ya yi mata yawa. In kuma ta zauna ƙasa sosai har babu gangara, sai ka sa ƙaramin famfo mai zuƙo man. Ku duba numfashin inji ma, don iskar da ta taru a cikinsa tana hana mai sauka.

Yanzu zan sauke kaskon nan, in auna sabon tiyo, in sa masa rigar kare zafi tunda kusa da bututun hayaƙi zai bi. Ku biyo ni ƙarƙashin motar.