Amsoshin Tambayoyinku: Me ya kai ƙofar masallaci jikin coci?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu huɗu ne a gabana yau, kuma Allah ya nufa duk sun taru a kan magana ɗaya, wato gini. Bari mu fara da wadda ta fi daɗewa tana jira.

Wani ɗan'uwa ne daga Damagaram, ya ce shi magini ne, a hannun mahaifinsa ya koyi sana'ar. Ya ga hoton wani tsohon gini a wayarsa, baranda mai jerin baka irin na masallatan Maroko, amma a ƙarƙashin hoton an rubuta cewa coci ne a ƙasar Sifaniya, sunansa San Miguel de Escalada. Yana tambaya: masallaci ne aka ƙwace aka mayar da shi coci, ko kuwa tun asali Kiristoci ne suka gina shi a haka?

To Malam, idonka na magini bai yaudare ka ba. Ƙirar ta Ƙurɗuba ce, garin su Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri. Sai dai ba a taɓa yin salla a ginin nan ba. Tun daga harsashinsa coci ne, an buɗe shi a shekarar 913, kusa da birnin Leyon a arewacin Sifaniya, yankin da ke hannun sarakunan Kirista a lokacin. Akwai rubutu da aka sassaƙa a dutse a jikinsa, dutsen ya ɓata amma an kwafe abin da ke ciki tun kafin ya ɓace. Rubutun ya ce wani shugaban ruhubanawa mai suna Alfonso ne ya taso daga Ƙurɗuba da 'yan'uwansa, suka tarar da kangon wani tsohon wurin ibada, suka tayar da shi cikin wata goma sha biyu. Har ya ƙara da cewa ba da umarnin sarki aka yi aikin ba, ba kuma a tilasta wa talakawa aikin gayya ba, guminsu ne. Wannan jimlar ta ƙarshe tana burge ni ƙwarai, don ba kasafai ake samun mai gini yana alfahari da cewa bai matsa wa kowa ba.

Su wane ne waɗannan mutane? Kiristoci ne da aka haifa a ƙarƙashin mulkin Musulmi a Andalus, iyaye da kakanni. Ana ce musu Mozarab, daga kalmar Larabci musta'rib, wanda ya rikiɗe ya zama kamar Balarabe. Addininsu na nan, amma harshe da sutura da ɗanɗano duk sun koma na gari. Wani malaminsu a Ƙurɗuba, Albaro, ya yi kuka a rubuce wajen shekarar 854 cewa samarin Kirista sun iya waƙen Larabci, amma da ƙyar ake samun mai iya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa da Latin. To mutumin da ya tashi yana wuce Babban Masallacin Ƙurɗuba safe da yamma, in ya yi ƙaura ya zo gina ɗakin ibadarsa, wane irin baka kake tsammani hannunsa zai zana? Abin da ido ya saba da shi, shi ne kyau a wurinsa.

Ga masu sauraron da ba su ga hoton ba, bari in siffanta. Bakan da muka saba gani a ƙofa rabin da'ira ne cif. Wannan kuwa ya zarce rabi, ƙafafunsa suka sake lanƙwasowa ciki, kamar munduwar da aka tsayar bakinta na kallon ƙasa. Turawa na kiransa bakan takalmin doki. A barandar Escalada guda goma sha biyu ne a jere, kowanne a kan siririn ginshiƙi.

Amma Malam, akwai wani abu a nan da nake so ka riƙe, don shi ake yawan tsallakewa. Wannan baka ya riga Musulunci shiga Sifaniya. Ɗariƙu ɗan Ziyad ya haye mashigin teku a 711. A lardin Palensiya kuwa akwai cocin San Juan de Baños, wanda Rekesbinto, wani sarkin Bizigot, wato Kiristocin da ke mulkin Sifaniya kafin zuwan Musulmi, ya gina a 661, shekara hamsin kafin nan, kuma bakan munduwa ne a ƙofarsa. Da Abdurrahman na ɗaya, sarkin Andalus, ya fara ginin masallacin Ƙurɗuba wajen 785, ya tarar da wannan salo a ƙasar, ya tarar da maginan da suka iya shi, hatta ginshiƙan farko na masallacin daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na Bizigot aka ɗebo su. Abin da maginan Ƙurɗuba suka yi shi ne suka ɗauki baka mai sauƙi suka yi masa kwalliyar da bai taɓa samu ba. Suka ƙara matse bakinsa. Suka jera jan bulo da farin dutse bi da bi a kewayensa. Suka ɗora baka a kan baka don rufin ya yi tsawo, tunda ginshiƙan gajeru ne. Sannan suka kewaye shi da gyaffa mai kusurwa huɗu, kamar yadda mai zayyana ke kewaye rubutu a allo. Wannan gyararren baka shi ne ya koma arewa a hannun ruhubanawa. In ka nemi hoton ƙofar cocin Santiago de Peñalba, shi ma na ƙarni na goma, za ka ga tagwayen baka a cikin wannan gyaffa, ka rantse ƙofar mihrabi ce. Kaya ne ya fita daga gida, ya je ya yi ado a maƙwabta, ya dawo. Shi ya sa wasu masana tarihin Sifaniya ba sa son a jingina duk cocin nan ga 'yan ƙaura daga kudu, suna cewa maginan arewa ma suna da gadonsu na Bizigot. Ni dai a ganina duka biyun sun haɗu a bango ɗaya, kuma gyaffar nan mai kusurwa huɗu ba ta da wani gida sai Ƙurɗuba.

Kafin in bar ka, ga guda ɗaya da na fi so a cikinsu duka. Wani ɗan ƙaramin coci ne a lardin Soriya, San Baudelio de Berlanga, na ƙarni na sha ɗaya, a daidai kan iyakar daular Musulmi da ta Kirista. Daga waje ba ka ce komai ba, ɗaki ne kamar rumbu. A ciki kuwa ginshiƙi ɗaya ne tak a tsakiya, ya tashi ya rarrabu zuwa rassa takwas da ke riƙe da rufin, sak bishiyar dabino. A gefe ga ƙananan bakuna a jere kamar sahun masallaci. A bango an zana giwa, an zana raƙumi. An sayar da yawancin zanen a shekarun 1920, aka ɓamɓare su daga bango, raƙumin yanzu yana wani gidan tarihi a birnin New York. Wannan ciniki har yau yana ba ni takaici.

Wasiƙa ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Jos. Ta ce gardama ta kaure a ɗakin malamai, wasu na cewa duk gwanintar ginin Turawa daga Musulmi aka sato ta, wasu na cewa Musulmi ne suka kwaikwayi coci tun farko. Tana so a raba musu.

Malama, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi sakin ta. Da Musulmi suka shiga Sham, sun tarar da ƙasa cike da majami'u na Rumawa masu ƙubba da adon zinariya. Ƙubbatus Sakhra da Abdulmalik ɗan Marwan ya kammala a Birnin Ƙudus wajen 691 zuwa 692, tsarinta mai kusurwa takwas, da hanyar zagaye a kewayen dutse, tsari ne da Kiristocin yankin suka daɗe suna yi a wuraren ziyararsu. Masallacin Dimashƙa da ɗansa Walid ya fara a 706, a filin cocin Annabi Yahaya aka gina shi. Kuma wannan ba zancen Turawa ba ne. Maƙdisi, masanin ƙasa ɗan Birnin Ƙudus na ƙarni na goma, ya ba da labarin yadda ya soki kuɗin da Walid ya kashe, baffansa ya amsa masa cewa halifan ya ga kyawun majami'un Sham ne, ya so Musulmi su sami nasu abin da zai ɗauke musu hankali daga gare su. Ko a Ƙurɗuba, da Hakam na biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, ya so ƙawata sabon mihrabi da gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, wurin sarkin Rumawa na Kustantiniyya ya aika neman gwani, kuma an aiko masa.

Wannan tafiyar kenan. Ga dawowa. Baka mai tsini, wanda ya zama alamar manyan cocin Faransa da Ingila, an riga an gina masallaci sukutum da shi a Alƙahira, masallacin Ibn Ɗulun, daga 876 zuwa 879. Fatake 'yan Amalfi a kudancin Italiya suna ciniki da Masar ba dare ba rana. Masana da yawa na ganin ta hannunsu salon ya kai gidan ruhubanawa na Monte Kasino, wanda aka sake ginawa tsakanin 1066 da 1071, daga can ya wuce Kuluni a Faransa, inda aka fara katafaren coci a 1088 da irin wannan baka. Amfaninsa ga magini shi ne ba ya tura bango gefe kamar mai rabin da'ira, nauyin ya fi gangarawa ƙasa, sai a sami damar ɗaga gini a rage kaurin bango. Amma abin da Faransawa suka yi da shi daga baya, tun daga cocin Saint-Denis a shekarun 1140, da tagogi masu tsayin bene da tokare daga waje, nasu ne, babu irinsa a Alƙahira ko Bagadaza. Ki gaya wa abokan aikinki kalmar sata ce ba ta dace ba. Wanda ya yi shekara bakwai yana miƙa wa gwani tubali, ya tafi garinsu da abin da ya gani, ba ɓarawo ake ce masa ba.

Ta uku gajeriya ce, daga wani ɗalibi a Kumasi: da gaske akwai rubutun Larabci a cikin coci a Turai? Akwai. Je ka Palamo a tsibirin Sisili, wanda ya yi fiye da shekara ɗari biyu a hannun Musulmi kafin Normawa, mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, su karɓe birnin a 1072. Cocin fadar Sarki Roja na biyu, wanda aka buɗe a 1140, silinsa na katako ne mai ado kamar saƙar zuma, irin na fadojin Musulmi, da rubutun Kufi na fatan nasara da albarka. A Faransa kuma, a ƙofar katako ta babban cocin Le Puy, an sassaƙa haruffa masu kama da Kufi don ado kawai.

Sai ta ƙarshe, daga wani dattijo a Zariya. Ya ce ya ji ana cewa rufin masallacin Ƙurɗuba na da haƙarƙari masu gittawa, shin daidai yake da ɗaurin guga na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya?

Allah ya ƙara girma, Baba. Akwai kama, kuma kamar tana taimaka wa mai sauraro ya gane zancen. A ɗaurin guga, bakuna ne ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiya, kamar sandunan da ke riƙe bakin guga, sau da yawa a manna tasa a mahaɗar. Na Ƙurɗuba, a ƙubbobin da Hakam na biyu ya ƙara, haƙarƙarin ba sa bi ta tsakiya. Suna gittawa bibbiyu ta gefe, su bar fili a cibiya, sai siffar tauraro ta fito. A Toledo akwai ɗan masallacin Babul Mardum na shekarar 999, ƙananan ƙubbobi tara, kowacce da nata salon gittawar, wanda ya zama coci bayan Kiristoci sun karɓi garin a 1085. Kiristoci sun ɗauki wannan tauraro kai tsaye: yana nan a cocin Torres del Río a Nabara, kan hanyar Kiristoci masu ziyarar birnin Santiago de Compostela, yana nan kuma a L'Hôpital-Saint-Blaise a kudancin Faransa, dukansu na ƙarni na sha biyu.

Amma ba zan ɗora wa ginin Zariya asalin Andalus ba, Baba, don yin haka rage wa Babban Gwani Muhammadu Durugu haƙƙinsa ne. Na Ƙurɗuba dutse ne da aka sassaƙa, kowane ɗaya na danne ɗan'uwansa, sai an kafa katako a ƙasa ya tallafe su har a sa na ƙarshe. Bakan gizo namu kuwa azara ce ake dasawa a bango, a ɗaura wata a kan wata tana leƙowa gaba kaɗan kaɗan, ana lulluɓewa da ƙasa ana jira ta bushe, har ƙafafun biyu su gamu a sama. Da wannan dabara Babban Gwani ya rufe masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na sha tara. In ana neman ɗan Andalus da ya taka ƙasarmu ta yamma da sunan gini, to Abu Ishaƙa Sahili ne, mutumin Garnaɗa, mawaƙi, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali, ya gina masa zauren fada mai ƙubba, ya rasu a Tambutu.

Lokaci ya cim mana. Maginin Damagaram, in ka sake buɗe hoton nan, ka duba tagar da ke ƙarshen barandar ta yamma, tagwayen baka ne a cikin gyaffa mai kusurwa huɗu. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.