Firimiya a waya ko a gidan kallo?

Habu: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Malam Lawan da Maryam, kuma maganar kuɗin nuna wasa za mu yi. Malam, kai ka ga jiya ka ga yau, bisimilla.

Malam Lawan: To Habu, a 1992 da aka kafa gasar Firimiya, fam miliyan 304 Sky da BBC suka sayi haƙƙin nuna ta na shekara biyar, ana ta cewa kuɗin sun yi yawa. A Disambar 2023 kuwa an sayar da kaka huɗu a kan fam biliyan 6.7. Kuma wannan na cikin Birtaniya kaɗai ne fa, ban da abin da sauran duniya ke biya.

Maryam: Ni abin da ya ɗaure min kai a cinikin nan, Malam, shi ne rashin Amazon, masu nuna wasa ta intanet. Sun shigo a 2019 da wasa 20 a kaka, kowa ya ce shi ke nan, talbijin ta gama yayi. Sai ga shi a sabon cinikin babu su. Sky ya kwashi aƙalla wasa 215 a kaka, TNT Sports ya ɗauki 52.

Habu: Ke nan talbijin ce ta yi nasara?

Maryam: A Ingila dai har yanzu ita ke riƙe da wuƙa da nama. Amma dubi Amurka, Yaya Habu. Apple ya sayi gasar ƙwallon ƙasar, MLS, gaba ɗaya na shekara goma daga 2023, dala biliyan 2.5. Netflix ma ya sayi haƙƙin nuna Kofin Duniya na mata na 2027 da 2031 a can.

Malam Lawan: Kada ku manta da Faransa, domin can ne abin ya fi ba ni tsoro. A 2018 kamfanin Mediapro ya yi wa gasar ƙasar, Ligue 1, alkawarin sama da Yuro miliyan 800 duk shekara daga 2020. Ƙungiyoyi suka tsara albashi da sayen 'yan wasa a kan kuɗin da ba su shigo hannu ba. Wata huɗu kacal aka yi da fara nunawa, kamfanin ya kasa biya, ciniki ya rushe. Kamfanin DAZN ya zo a 2024, shi ma kaka ɗaya ya yi aka raba gari. Dole ta sa gasar ta buɗe tasharta, Ligue 1+, a Agustan 2025. Su Paris Saint-Germain ba su ji a jikinsu sosai ba. Ƙananan ƙungiyoyin da kuɗin talbijin ne abincinsu, su suka sha wuya.

Habu: Mu ma ai mun taɓa ɗanɗana irin wannan.

Malam Lawan: Ƙwarai. HiTV ke nan, a 2007. Ya karɓe mafi yawan wasannin Firimiya a Najeriya daga hannun DStv, masu gidajen kallo suka ruga sayen dikoda ta biyu. Zuwa 2011 kamfanin ya rufe, dikodar ta zama tarkace. Shi ya sa duk lokacin da aka ce wani sabo ya sayi gasa, ni mai gidan kallo nake fara tunawa. Mutumin da ke rubuta jerin wasanni da alli a allo a ƙofar rumfa, ya jera benci, ya zuba wa janareta mai. Kuɗin wata ɗaya yake biya, rumfa guda ta kalla. In aka koma waya, kowa zai biya nasa, ya kuma sayi data, sannan ya yi addu'a kada sabis ya ɗauke ana shirin buga fenariti.

Habu: Ga kuma jinkiri. Kana kallo a waya, ƙwallo tana tsakiyar fili, sai ka ji ihu daga rumfar bayan layi. An riga an ci.

Maryam: Duk na yarda, amma akwai abin da kuka tsallake. Mata nawa kuka taɓa gani a kan bencin nan? Ni na taso ina son ƙwallo, sai dai in jira ƙanena ya dawo ya ba ni labari. Da Showmax ya fito da tsarin kallon Firimiya a waya a 2024, da yawa cikinmu sai a lokacin muka samu kallon wasa daga farko har ƙarshe a ɗakinmu. Ba zan so a rufe wannan ƙofar ba.

Malam Lawan: Gaskiyarki ne, 'yata. Ni ba wayar nake ƙi ba. Rarraba wasannin nake ƙi, a ce Firimiya tana nan, Gasar Zakarun Turai tana can, kowanne da kuɗinsa.

Habu: A wajenmu kuma sai ga akasin haka. Tun da Canal+ na Faransa ya sayi MultiChoice, mai DStv, a 2025, mai kallo a Maraɗi da mai kallo a Katsina duk uban gida ɗaya suke biya.

Maryam: Wannan ma abin dubawa ne. In mai sayarwa ya zama ɗaya, wa zai hana shi ƙara farashi?