Sharhi: Hormuz, ƙofar da duniya ke shan mai ta cikinta

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu bakin teku, duk da mu mutanen Damagaram rairayi muka fi sani.

Tsakanin Iran da Oman akwai wani ƙunci na ruwa da ake kira mashigin Hormuz. Inda ya fi matsewa, faɗinsa wajen kilomita 33 ne, wato kamar ka tashi daga Zinder ka je Mirya ka dawo. Kuma ba duka faɗin jirage ke bi ba: hanyar shiga kusan kilomita 3 ce, ta fita ma haka. Ta wannan lungu, a 2024, ganga wajen miliyan 20 ke wucewa kullum, kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha. Na Saudiyya, na Iraƙi, na Kuwait, na Daular Larabawa, na ita kanta Iran, ga iskar gas ta Ƙatar. Galibinsa Asiya ya nufa: Sin, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu.

An sha jini a wurin. A yaƙin Iran da Iraƙi, daga 1980 zuwa 1988, kowane ɓangare ya riƙa harbin jiragen dakon mai, kuma a 1988 jirgin yaƙin Amurka ya kakkaɓo jirgin fasinjan Iran, mutum 290 suka rasu. Saudiyya ta ja bututu zuwa Yanbu a Bahar Maliya, Daular Larabawa ta ja nata zuwa Fujaira, duk don a kauce wa ƙofar. Sai dai bututun ba za su ɗauke kayan duka ba, ita kuwa Ƙatar ba ta da wata mafita ko ɗaya.

To, wani zai ce ina ruwan biri da gada? Ai muna da SORAZ, matatar manmu ta Zinder. Gaskiya ne. Tun 2011 matatar ke tace ɗanyen man Agadem, ganga 20,000 a rana in tana aiki sosai, kuma farashin lita a gidan mai gwamnati ke yanke shi. Wannan rufin asiri ne, kada mu raina.

Amma ku leƙa kasuwar Dole. Buhun shinkafar nan, tayar babur ɗin ɗan kabu-kabu, batirin fitila, takin zamanin da manomin Magarya ke jira kafin damina, duk sai da suka hau jirgin ruwa, jirgin kuma mai yake sha. Ko harbi ba a yi ba, barazana kawai ta isa masu inshorar jirage su ƙara kuɗi, ɗan kasuwa ya ɗora a kan kaya, uwargida ta tarar cefanen jikka biyu ya koma na jikka uku. Sannan mai sayar da fetur a kwalba a bakin titi, shi farashin Najeriya yake bi, wanda tun da aka janye tallafi a 2023 yake rawa da kasuwar duniya.

Ni a ganina, ba a buƙatar a yi wa ɗan Nijar dogon bayani kan abin da ake nufi da ƙofa ɗaya. Ɗanyen man da muke fitarwa, bututu guda ne ke kai shi teku, kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a Benin. A watan Mayun 2024, da rikicin rufe iyaka ya yi zafi, hukumomin Kwatano suka hana lodi, mai na kwance a tankuna, jirgi na jira. Kayanmu na shigowa kuwa suka koma zagaye ta Lome da Burkina, da rakiyar soja. In ganga ta yi tsada saboda Hormuz, baitulmalinmu na iya samun ƙari, amma fa sai in ƙofar Seme na buɗe ranar.

Sai mun haɗu gobe war haka, in Allah ya kai mu.