Kwamfutarka ta yi nauyi? Duba diskinta kafin ka sayi wata

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, da masu kallonmu daga ko'ina. Ka kunna kwamfuta, ka je ka yi alwala ka dawo, har yanzu Windows bai gama tashi ba. Daga nan sai mutum ya ce ta tsufa, ya shiga neman kuɗin wata. Sau tari kuwa laifin na abu guda ne, diskin da ke cikinta.

Ku dubi wannan da ke hannuna. HDD ke nan, tsohon nau'in diskin da kwamfuta ke ajiye kaya a ciki, na cire murfinsa don ku ga cikinsa. Wannan dama matacce ne, kada wani ya buɗe nasa, ƙura kaɗan ta shiga ya tashi daga aiki. Ga faifai mai ƙyalli, a kwamfutar hannu yakan juya sau 5400 a minti ɗaya, a ta tebur sau 7200. Ga kuma ɗan hannu mai kai da komo a samansa kamar allurar garmaho, shi ke karantawa, shi ke rubutawa. Duk abin da ka nema, sai hannun nan ya je wurin, ya jira faifan ya zagayo. Dabarar ta daɗe, tun 1956 kamfanin IBM ya fito da na farko, faifai 50 a jere, kuma abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba.

Wannan kuma SSD ne, sabon nau'in diski. Girgiza shi, ba ka jin komai, don babu abin da ke motsi a ciki. HDD na kwamfutar hannu yakan karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD mai bakin SATA, wato irin mahaɗin da HDD ke amfani da shi, ya kai 550. Amma inda tazarar ta fi fitowa shi ne wajen ƙananan fayiloli. Lokacin da Windows ke tashi, dubban ƴan fayiloli yake kira daga wurare dabam-dabam, hannun HDD ya yi ta zirga-zirga, shi kuwa SSD nan take yake miƙo su. Shi ya sa kwamfutar da ke cin mintoci kafin ta tashi, in aka sa mata SSD, sai ta tashi cikin daƙiƙoƙi.

Ga ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke saɓa jaka ya hau kabu-kabu kullum, akwai wata riba. Girgiza da faɗuwa su ne ajalin HDD, musamman in yana cikin juyawa. SSD bai damu da ramin hanya ba.

To, kafin ka nufi kasuwar Dole ko ka ba da saƙo Kano, san bakin da kwamfutarka ke karɓa, don a nan ake asarar kuɗi. Kashe ta, cire caja, kwance kusoshin baya. In ka ga diski mai faɗin tafin hannu, inci 2.5 ne, SSD na SATA zai zauna daidai a gurbinsa. In ka ga ɗan siririn rami da kusa guda a gabansa, M.2 ke nan. Shi M.2 iri biyu ne, akwai na SATA, akwai NVMe, wanda gudunsa ke kai megabait 3500 a daƙiƙa, sababbi har 7000 da sama. A ido sun yi kama, amma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Rubuta lambar samfurin kwamfutarka ka bincika a intanet, ko ka ɗauke ta ka kai wa mai gyara ya gwada a gabanka. Ni dai a ganina, mai aikin Word da Excel da kallon bidiyo ba zai ji bambancin SATA da NVMe sosai ba, kada ya matsa wa aljihunsa. Ga shi NVMe na ɗaukar zafi, in ya yi zafi da yawa da kansa yake rage gudu, kuma kun san Afrilu da Mayu a garin nan.

Girma fa? Windows 11 kaɗai yana neman gigabait 64, don haka 128 ya yi kaɗan. 256 zai yi, 512 ya fi kwanciyar hankali. In ka sayi terabait 1 ka ga kwamfuta ta nuna gigabait 931, ba a cuce ka ba, lissafin kamfani da na Windows ne ya bambanta.

Ba wai HDD ya gama amfani ba. Masu ɗaukar bidiyon biki da masu tura fina-finai a waya wuri suke so mai yawa da araha, kuma nan HDD ya fi. Masu kyamarar tsaro a shago su nemi wanda aka yi don aiki dare da rana, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk.

In diski na hannu za ka saya kuma, wato wanda aka taɓa amfani da shi, kada ka biya sai an gwada. A sa manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna awa nawa diskin ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. Shuɗi lafiya lau, rawaya ka mayar wa mai shi. Kara kunnenka kuma, in kana jin ƙas-ƙas-ƙas, ya kusa. Sabo ma a yi hattara, in ka ga SSD mai terabait 2 a kuɗin filas, jabu ne. Manhajar H2testw takan cika diski ta sake karantawa, ta tona ainihin girmansa.

Abu guda game da SSD, sau da yawa ba ya gargaɗi, rana ɗaya sai ya ƙi tashi, kuma ceto kaya daga cikinsa da wuya. Don haka tsohon HDD ɗin da ka ciro, in yana da lafiya, saya masa ɗan gida mai igiyar USB, ka riƙa kwafe takardu da hotunanka a ciki duk mako, sannan ka zare shi ka sa a durowa.

A bidiyo na gaba za mu nuna yadda ake kwashe Windows daga tsohon diski zuwa sabo ba tare da an goge komai ba. Sai mun haɗu.