Littafin da ɗan kaso zai iya karantawa shi ake nema

Jama'a masu saurare, akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare. Ƙungiya ta tara tsofaffin littattafan Turanci da suka cika wa mutane ɗaki, ta zuba a kwalaye, ta kai babban gidan yari na cikin birni, a ɗauki hoto, a yi jawabi, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa manomin da ke tsare a Rano, ko Wudil, ko Gumel, wanda bai taɓa shiga aji ɗaya ba, me zai yi da littafin kimiyyar jami'a? Ko zuwa wurinsa ma kwalin ba ya yi.

A shekarar 2019 aka yi dokar da ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ce kowane gidan yari ya kasance da ɗakin karatu, kuma koyar da wanda bai iya karatu ba wajibi ne. Jami'ar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, tana karantar da fursunoni kyauta, madalla, amma wannan na mai takardar sakandare ne. Mutumin ƙauye a bakin ƙofa aka bar shi. Littafin da zai iya karantawa shi ake nema.

Na san abin da wasu za su ce: yaranmu na firamare ba su da littafi, sai a kai wa ɓarawo? Haba malam! Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kotu ba ta ce sun yi laifi ba. Cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin ma, wani wata shida ne ko shekara, gobe yana kasuwar garinku.

To ga yadda ake yi, don kada a ce surutu kawai muke. Kafin a sayi ko takarda ɗaya, a rubuta wa kwanturolan gidajen gyaran hali na jiha neman izini, sannan a zauna da shugaban gidan da jami'in walwala a tambaye su: mutum nawa ne a ciki, nawa suka iya boko, nawa suka iya ajami, nawa suka yi karatun allo? Amsar nan ita ce za ta faɗi abin da za a saya. Ajin mutum 30 yana buƙatar littafin koyon karatu na Hausa guda 30 iri ɗaya, littafin rubutu 60, fensir biyu-biyu, baƙin allo ɗaya da kwalin alli. Iri ɗaya na ce, domin idan kowa da nasa daban, malami ba shi da inda zai kama. A ƙara da ƙananan littattafan lissafi, na kiwon kaji da noman rani, da na labarai masu manyan baƙaƙe. Idan Alƙur'ani za a kai, a tuna cewa almajirin karkarar Kano da Jigawa da ƙira'ar Warshu ya tashi, a ba shi bugun da idonsa ya saba da shi. A sa 'yan tabarau na karatu a ciki saboda dattawa, ɗakunan nan ba haske gare su ba.

Duk abin da zai shiga sai gandirobobi sun bincika shi a ƙofa, kuma da gaskiyarsu. Littafi mai ɗaurin waya, reza ta fiƙe fensir, duk abin da ke da ƙarfe, kada ma a wahalar da kai. Abin fiƙewa ya zauna a hannun jami'i.

Sai inda aikin ya fi lalacewa, wato ajiya. A jibge kwali a ƙasan sito, damina ɗaya gara da laima sun gama da shi. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo ake so, a ɗora shi a kan bulo, a buga wa kowane littafi hatimi da lamba, a buɗe rajistar aro, a damƙa ta ga wani fursuna mai dogon wa'adi da ya iya rubutu. Mai jiran shari'a ana iya ba da belinsa ko a sauya masa gida ba sanarwa, saboda haka shi ya yi karatunsa a aji, darasin ma a yanka shi gajere-gajere na wata uku.

Kuma littafi ba ya koyar da kansa. Kano tana da hukumar yaƙi da jahilci tun 1980, Jigawa ma tana da tata. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi suka sami hurumi a harkar gidajen gyaran hali, don haka zancen "na tarayya ne" ya ƙare. Me zai hana a tura malami ɗaya, kwana uku a mako, zuwa Kazaure da Hadeja da Birnin Kudu? Ko jihohin za su yi, wannan kam sai mun gani. Amma mai niyyar taimako ba sai ya jira su ba: ya tambayi jami'in walwala tukuna, ya sayi littafin da mutanen za su iya karantawa, bayan wata uku ya koma ya buɗe rajistar aro ya ga sunaye nawa ne a ciki.