Kuɗin Kujera Daban, Kuɗin Kaya Daban: Lacca Kan Tikitin Jirgin Sama

Assalamu alaikum warahmatullah. Na can baya kuna jina? To, alhamdu lillahi. Waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa ku ƙaraso, ga kujeru nan gaba, kuma kyauta ne, a zauren nan ba a biyan kuɗin zaɓen kujera. (dariya) Za ku gane dalilin wannan magana nan ba da jimawa ba.

Abu uku na zo da su. Na ɗaya, yadda aka yi kuɗin kaya ya fice daga cikin tikitin jirgin sama ya koma ciniki mai zaman kansa. Na biyu, wa ya ci riba, wa ya kwana ciki. Na uku, abin da matafiyi zai duba kafin ya zura hannu a aljihu.

Mu fara da na ɗaya. A da, in ka yanki tikiti ka sayi komai ke nan: kujerarka, akwatunanka, abincinka, ruwanka. A Amurka, har zuwa 1978, hukuma ce ke yanka farashin tikiti, ita ce kuma ke cewa wane kamfani zai bi wace hanya. Tunda farashi kusan ɗaya ne, sai gasar ta koma kan wa ya fi abinci mai daɗi da kujera mai faɗi. A watan Oktoba na 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta sakar wa kamfanoni mara, kowa ya yanka farashinsa. Tikiti ya yi araha, talaka ya fara hawa jirgi, wannan alheri ne babu musu. Duk da haka sai da aka yi shekara talatin manyan kamfanoni ba su taɓa akwatin farko ba.

Sai 2008 ta zo. Man fetur ya yi tashin gwauron zabi, har gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a watan Yuli. Tun a watan Mayu kamfanin American Airlines ya ba da sanarwa cewa akwatin farko da za ka miƙa a kanta, dala 15 ne. Cikin 'yan watanni sauran manyan suka bi sahu. Hujjarsu ita ce tsadar mai. To, ku saurara da kyau. Kafin shekarar ta ƙare gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 40. Kuɗin akwati ya sauko? Bai sauko ba. A 2024 ya kai dala 35 zuwa 40. Alhaji na ga kana gyaɗa kai, ka san halin kasuwa, abin da ya hau da sunan tsadar mai ba ya saukowa da saukar mai.

A Turai kuwa kamfanonin araha sun riga su. Ryanair na ƙasar Ayalan ya fara karɓar kuɗin akwati tun 2006, shugabansa Michael O'Leary har ya taɓa cewa a 2009 yana tunanin sa fam ɗaya kan shiga bayan gida a cikin jirgi. Ba a yi ba, amma ya faɗa. A 2010 kamfanin Spirit na Amurka ya sa kuɗi a kan jakar hannun da kake ɗagawa ka sa a ma'ajiyar da ke saman kanka. Kamfani ɗaya ne babba a Amurka ya tsaya kai da fata, Southwest, wanda ya yi shekaru yana tallar cewa akwati biyu kyauta ne a wurinsa. Shi ma a watan Mayu na 2025 ya sauka daga kan wannan alkawari.

Yanzu bari in kai ku tasha, don a nan zuciyar maganata take.

Mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ce kuɗin mutum daban, kuɗin kaya daban. Je ka tashar mota kowace iri. Ka zo da 'yar jakarka a kafaɗa, ka biya kuɗin kujera, shi ke nan. Wani ya zo da buhun gero biyu da jarkar manja da akuya, ɗan kamasho ya zagaya kayan, ya ɗan taɓa buhun da ƙafa, ya ce kaza za ka bayar. A yi albarka, a yi sallama. Wa ya taɓa cewa zalunci ne? Babu. Adalci ne ma. Don me ɗalibi mai jakar goyo zai biya wa mai buhun gero? Haka abin yake a jirgi. Nauyi yana shan mai, akwati yana buƙatar mai ɗauka, mai lodi, mai saukewa. Wanda zai je kwana biyu da riga biyu yana da gaskiya in ya ce a rage masa. Saboda haka kada wani ya fita daga zauren nan ya ce Malam ya ce raba farashi haramun ne. Ban ce ba.

Amma ku lura da abu guda a tasha. Yaushe ake cinikin kaya? Kafin mota ta tashi. Kafin ka biya. Kayanka na ƙasa, kuɗinka na aljihunka, ga wata mota can tana lodi. In ɗan kamasho ya tsawwala, ka ce a sauke mini kayana, ka tsallaka layi. Ƙarfinka ke nan, ƙafarka. To yanzu ku ɗauka a ce direba ya karɓi kuɗin kujera mai rahusa, ya ja mota, sai da aka yi nisa cikin daji ya taka birki ya juyo ya ce, af, mun manta, kuɗin buhu, kuma ya fi kuɗin kujera. Me za ku kira wannan? Ku faɗa mana! (hayaniya) To shi ne. Ciniki bayan an rufe ƙofa ba ciniki ba ne. Ba ciniki ba ne, jama'a.

Na gani da idona a wani filin jirgi a Turai, ba zan kama sunan kamfanin ba. A bakin ƙofar shiga jirgi akwai wani ɗan keji na ƙarfe, kamar akurkin kaji, an ce kowace jakar hannu sai ta shige ciki. Wata mata ce a gabana da yaro a hannu. Ta sa jakarta, jikin jakar ya shiga, tayoyin suka tsaya a waje, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ta danna, ta juya ta, ta durƙusa ta zuge zif ta ciro rigar sanyi ta ɗora a kan wadda ke jikinta, ta ciro takalman yaron ta cusa a aljihu. Taya dai ba ya lanƙwasuwa. Ma'aikaciyar ta miƙo na'urar cirar kuɗi. Matar ta ce da mu, idonta ya ciko, abin da ta biya a tsayen nan ya fi kuɗin tikitinta. Ina za ta? Jirgi na shirin tashi, babu wata mota a layi na gaba. Wallahi har yau in na tuna tayoyin nan raina yana ɓaci.

Kuma kada ku ɗauka tsautsayi ne. A watan Nuwamba na 2024 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahoto cewa kamfanoni biyu, Frontier da Spirit, sun biya ma'aikatansu ladan dala miliyan 26 cikin 2022 da 2023 saboda kama jakunkunan da suka wuce ƙa'ida. A Frontier, dala 10 kan kowace jaka. Ka ga ke nan mai awon yana da kamasho a kan abin da ya auna. Mu da muka tashi muna jin wa'azi kan tauye mudu, mun san haɗarin a ce mai riƙe da mudu shi ne mai cin ribar in bai cika ba.

Ina muka tsaya? Na biyu ko? To, a cikin na biyun akwai wani lissafi da nake so ɗalibai su rubuta. A Amurka gwamnati na karɓar harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan tikitin cikin gida. Amma kuɗin akwati, in an ware shi daban, ba ya cikin wannan haraji. Ɗauki tikitin dala 200, harajinsa dala 15. Raba shi, ka ce kujera 165, akwati 35. Fasinja 200 ɗin dai ya biya, amma dala 35 ta sulale daga hannun mai haraji. Kamar ba komai ba ko? To a 2023 kamfanonin Amurka sun tara sama da dala biliyan 7 daga kuɗin kaya kaɗai. Ku buga kashi 7.5 a kai, ya haura dala miliyan 500 a shekara guda. Da ɗigo-ɗigo ake cika tulu.

Sai kuma intanet. In ka nemi tikiti a waya, shafin yana jero maka daga mafi araha ne, ido kuma kan na sama yake faɗawa. Kowane kamfani yana son ya zama na sama, sai ya tsige tikitin kamar kaza, ya cire akwati, ya cire zaɓen kujera, ya cire abinci, ya cire damar canza rana, ya kafa maka ƙashin a matsayin farashi. Sannan ka shiga, shafi bayan shafi ana mayar maka da naman ɗaya-ɗaya da kuɗi. Kafin ka kai ƙarshe ka gaji, ka riga ka cika sunanka da lambar fasfo, ba ka da ƙarfin komawa ka sake gwadawa. Manyan kamfanoni ma sun koyi darasin, Delta ya fito da irin wannan tikiti mai ƙashi zalla a 2012, United da American suka biyo baya a 2017.

Hukumomi sun motsa, da sauri zan wuce wannan. Kotun Tarayyar Turai ta ce a 2014 ana iya karɓar kuɗin akwatin da aka miƙa a kanta, amma jakar hannu mai matsakaicin girma da nauyi ba a sa mata kuɗi. A Nuwamban 2024 Sifen ta ci tarar kamfanoni biyar yuro miliyan 179, Ryanair ya fi kowa kaso, sun kuma ɗaukaka ƙara. A Amurka an kafa ƙa'ida a 2024 cewa a nuna kuɗin kaya tun a shafin farko, kamfanoni suka garzaya kotu, kotu ta dakatar da ita. Ku dubi abin da na Amurkan suka yi shari'a a kai. Ba a ce su daina karɓa ba, cewa aka yi su faɗa da wuri.

Na huɗu... a'a, uku na ce ko? To na uku. Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah, a miƙa mata makirufo.

(Wata mata daga cikin masu sauraro: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ɗana zai koma karatu Ingila. Ya samo tikiti mai araha a waya, jirgi biyu ne, za su sauya a hanya. Na haɗa masa akwati biyu, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, garin kunu. Yanzu jikina ya yi sanyi. Za a karɓa?)

Amin, Hajiya, Allah ya yi masa albarka. Kin kawo mu inda ya shafe mu kai tsaye, bari in bar takardata. Mu da ke tashi daga Kano ko Abuja ko Yamai mun saba da akwati biyu, kowanne kilo 23, domin kamfanoni da yawa masu zuwa Afirka sun san mu ba ma tafiya hannu rabbana, da tsaraba muke zuwa, da tsaraba muke komowa. Wannan sabo shi ke jefa mutanenmu a rami. Abu na farko da za ki tambaye shi: jiragen biyu a kan tikiti ɗaya suke, mai lambar ajiya ɗaya, ko tikiti biyu ne aka liƙa masa? In ɗaya ne, abin da aka rubuta a jikin tikitin game da kaya shi zai raka shi har ƙarshe, kuma akwatin zai wuce da kansa. In biyu ne, zai karɓi kayansa a tsakiyar hanya, ya sake miƙa su ga kamfani na biyu da ƙa'idarsa, wataƙila ma ya buƙaci bizar ƙasar don ya fito ya ɗauka. A nan arahar ke komawa tsada.

Sannan kilo 23 sau biyu ba kilo 46 ne a akwati ɗaya ba. Kada ki ce wannan 28, wancan 18, ai ya tashi daidai. Kowanne da awonsa. Akwati ɗaya kuma in ya haura kilo 32, galibi ko da kuɗi ba za a ɗauka ba, saboda bayan masu lodi. Alhazai a nan sun san wannan, sun ga yadda ake zube kaya a wurin awo ranar komowa, sun kuma san ba a yarda a cusa zamzam cikin akwati. Ki nemi sikelin rataye, irin na masu sayar da kaya, ki auna a gida. In ya zama dole a ƙara akwati, ya saya a waya tun kafin ranar tafiya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan farashin kanta. Kilishi kuwa, in kin sa, ki cire, Ingila ba ta barin shiga da nama daga ƙasashenmu, kada a kwace a kuma ci shi tara.

Tikitin yana wayarki? To madalla. Na ji an fara kiran la'asar. In an idar ki same ni nan gaba da shi, mu duba lambar ajiyar tare, mu ga akwati nawa aka rubuta masa.